Kashi 20 Cikin Ɗari na Wace Lamba?

Abin da ya fi damuna a darasin kaso shi ne yadda ɗaliban sakandare ke haddace ƙa'ida ba tare da sun lura da lambar da ake fitar da kason daga cikinta ba. Na taɓa rubuta 50 a allo, na ce a ƙara mata kashi 20 cikin ɗari, sannan a rage kashi 20 daga abin da aka samu. Kusan kowa ya ce 50 za a koma. Da muka bi lissafin sannu a hankali, sai 50 ta zama 60, ragin kuma ya fito daga 60 ɗin, wato 12, aka tsaya a 48. Wata ɗaliba ta jima tana kallon allon, sannan ta ce, "Malam, ashe tushen lissafin ne ya canza."