Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Saƙar Tsumma

A makon jiya na tsaya a daren 3 ga Yunin 2015, da ruwa ya shiga shagona na ɗinki a unguwar Nima da ke Akra, babban birnin Ghana, ya jiƙa shaddojin mutane. Ni kam na auna arziki, domin a wannan daren ne mutum wajen 150 suka rasu a shataletalen Kwame Nkrumah, inda ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai. Allah ya jiƙansu.

Da ruwa ya janye, samarin unguwa muka shiga yasar babbar kwatar nan da ke gangarawa kogin Odaw. Ledar ruwa dai kowa ya san za a same ta. Abin da ya ɗaure mini kai tufafi ne: riguna da wanduna sun nannaɗe juna sun zama igiya mai kaurin cinya, sai an haɗu ake iya jan ɗaya. Ni tela ne, hannuna ya san yadi ko a cikin laka. Yawancinsu ba auduga ba ne, yadin roba ne, irin wanda ƙasa ba ta ci.

Ba sai an gaya mini inda suka fito ba. Duk wanda ya tashi a Akra ya san Kantamanto, babbar kasuwar gwanjo. Ɗan gwanjo zai biya kuɗin dila bai san abin da ke ciki ba, sai ya yanke ɗaurin ya ga rabonsa. 'Yan matan kayayo, wato masu dako, galibi daga arewacin ƙasar nan, su ke ɗaukar dilar mai kilo 55 a ka. Ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta cewa tufafi miliyan 15 ke shigowa duk mako, kuma kashi 40 cikin 100 a shara suke ƙarewa. 'Yan kasuwar gwanjo sun musanta, sun ce bai kai ko kusa ba. Su dai su ƙarata. Wanda ke son gani da ido ya je bakin teku a Jamestown, inda tafkin Korle ke amayar da abin da ya haɗiya.

Abin ya zauna mini a rai ban san yadda zan yi da shi ba, sai a 2016. Ina cikin trotro, wato motar haya, na hango babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa an lulluɓe shi da tsofaffin buhunan garara, an ɗinke su da juna. Na ɗauka gyara ake yi. Ashe aikin fasaha ne na Ibrahim Mahama, ɗan Tamale, haihuwar 1987. Buhunan nan kokon cakulan suke fara ɗauka, in sun tsufa su koma hannun masu gawayi, kowanne da sunayen 'yan kasuwa a rubuce a jiki. Daga baya wani ɗalibi da nake wa ɗinki ya nuna mini aikin El Anatsui a wayarsa, dattijon da ya yi karatu a Kumasi ya koyar a Nsukka, yana haɗa murafen kwalabe da wayar tagulla su zama ƙaton mayafi. Na ce a raina, to ni ma ai jikan masaƙa ne.

Na sa kafinta ya haɗa mini katako mai kusurwa huɗu, ya ɗan fi ni tsawo, aka jera ƙusoshi sama da ƙasa. Na ja zaren auduga mai ƙwari a tsaye. Maimakon abawa kuma sai tsumma. Da yamma nake zuwa Kantamanto in kwashi abin da 'yan gwanjo suka fid da rai da shi, in wanke da ruwan zafi, in yanka siri-siri, faɗin yatsa biyu. Kowane yadi da halinsa. Singileti in ka ja shi sai ya naɗe kansa ya yi laushi, yana da daɗin aiki. Jins yana cinye bakin almakashi amma yana tsayar da saƙa. Yadin roba kuwa santsi gare shi, sai ka danna da matsefi ka sake dannawa. Kuma na yi wa kaina doka: ba rini. Launin da nake so sai dai in neme shi a cikin shara. Launin ruwan kwata shi ya fi ba ni wuya, don ba baƙi ba ne kamar yadda ake zato. Akwai toka-toka, akwai kore-kore, akwai wani maiƙo mai sheƙi a sama. Tsofaffin wandunan ofis na Turawa su suka fid da ni.

Ana nan sai Kawu ya zo daga Sabon Zongo. Shi ne na ƙarshe a gidanmu da ya riƙe ƙoshiya. Ya tsaya ya ƙare wa katakon kallo.

"Kai, wannan ai saƙar mata ce. Namiji a zaune yake saƙa, ƙoshiya na gudu. Wa ya koya maka tsayuwa?"

Na ce, "Kawu, zamani ne."

"Wa zai sa?"

"Ba ta sawa ba ce, ratayewa ake yi a kalla."

Ya yi tsaki. Ya ce saƙar da ba a sawa, ba a rufa, ba a goyo da ita, shi bai san sunanta ba. Amma bai tafi ba. Can sai ya karɓe tsumman daga hannuna, ya kwantar da shi a lanƙwashe kafin ya danna, ya ce haka ake yi don kada gefe ya tsuke. Daga ranar, duk Juma'a bayan an sauko yana shagona, yana faɗa yana gyara.

Abu ɗaya ke ci mini tuwo a ƙwarya game da irin wannan fasaha. Sharar tamu ce, wahalar tamu ce, amma ayyukan a Landan da birnin Banis na Italiya ake baje su. Mai kokon layinmu ba za ta taɓa ganinsu ba. Ban ga laifin masu kaiwa ba, can ne kuɗin yake, can kuma ne tufafin suka fito. Ni dai da na gama tawa, jikin katangar da ke bakin kwata na rataye ta, ranar Laraba, ranar kasuwar Nima.

Yara suka fara taruwa, suna nuna ledojin ruwan da na saƙa a ciki. Wani ya rantse ya ga rigar ƙwallon yayansa. Sai ga wata Hajiya, babbar 'yar gwanjo ce, ƙawar mahaifiyata tun suna 'yan mata. Ta kutsa ta tsaya a gaba, ta shafa saƙar, ta juyo.

"Ɗana, da kuɗin gwanjon nan na aurar da 'ya'yana, da shi na sauke farali. Yanzu so kake gwamnati ta gani ta hana mu sana'a?"

Na buɗe baki zan ba ta amsa, ta ɗaga mini hannu. Ta ce gobe da asuba in same ta a rumfarta, za ta yanke sabuwar dila a gabana, in ga wanda ya kamata in saƙa a jikin tsummana.

Abin da muka tarar a cikin dilar, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.