Ƙyallen hannu a Warsaw

Laraba, bayan isha'i.

Tun safe aikin duba zane ake yi: wani yanki mai daƙiƙa 40 daga fim ɗin zane kan ukubar da 'yan Nazi suka gana wa Yahudawa. Fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa, amma yawanci zane ɗaya kan tsaya a hoto biyu, wato zane 12 a daƙiƙa. Daƙiƙa 40 zane 480 ke nan, don haka kuskuren da ya hau rigar mutum ɗaya sai an bi shi sau 480.

Ga abin da ya faru. Labarin a Warsaw ta ƙasar Poland yake, 1941, amma an ɗinka wa matar da ke cikin zanen tauraro ruwan ɗorawa a ƙirji. Ba shi Yahudawan Warsaw suka sa ba. Tun Disamba 1939 farin ƙyalle aka tilasta musu ɗaurawa a hannun dama, da tauraro shuɗi a jiki. Tauraro ruwan ɗorawa na Jamus ne daga Satumba 1941, a ƙirjin hagu, daga ɗan shekara 6 zuwa sama, an rubuta "Jude", wato Bayahude. A Holan ya zo a Mayu 1942 da "Jood", a yankin Faransa da aka mamaye kuwa a Yuni 1942 da "Juif". A birnin Lodz na Poland ma gaba da baya aka riƙa sa shi.

Tushen ɓarnar takardar samfuri ce, wadda kowane mai zane ke kwaikwayo daga gare ta. Wanda ya tsara ta ya ɗauki alamar da aka fi sani, sauran suka bi. Ita aka fara gyarawa kafin a taɓa zane ko ɗaya.

Gyaran da wuya. Ƙyalle zagaye yake yi wa hannu, idan matar ta juya sai rabinsa ya ɓuya, tauraron ya tanƙware. In aka liƙa shi a shimfiɗa daban aka riƙa jan sa da kwamfuta, sai ya dinga zamewa kamar yana iyo a kan riga. Dole a zana shi da hannu a manyan zanukan motsi, sannan masu cike tsakani su bi.

Da la'asar gardama ta koma kan fuskokin sojojin Nazi. A fim ɗin zane na darakta Ari Folman na 2021 kan Anne Frank, yarinya Bayahudiya da ta mutu a sansanin 'yan Nazi, dogaye aka yi su, baƙaƙen kaya, fuska fara kamar abin rufe fuska. Yana sauƙaƙa wa yara kallo, gaskiya ne, kuma yana rage aiki. Ni dai bai kwanta mini ba: waɗanda suka yi wannan aika-aika mutane ne masu fuska, wasu ma maƙwabta.

Zuwa magariba an gyara zane 60. Saura 420, da taron mutanen da ke bayan matar, waɗanda su ma duk tauraron ƙirji aka sa musu.