Binne a Ƙasar Sanyi

Asabar, 2 ga Nuwamba, Lids, Ingila

Yau dai na binne waken ful. Ƙwaya 48, layi biyu-biyu a kunya ɗaya, tazarar santimita 20 tsakanin kowace ƙwaya, zurfi kamar rabin yatsa. Irin da ake kira Aquadulce Claudia na sayo, don shi ne mai jure hunturun Ingila. Hannuna har yanzu bai gama dawowa daidai ba, da ƙyar nake danna wayar nan.

Tun da aka mayar da agogo baya da awa ɗaya ranar Lahadi, kamar yadda ake yi a nan kowace kaka, yini ya zama guntu, 4:30 an yi magariba. Shi ya sa ina idar da azahar na ɗauki cebur na nufi ɗan fegin da na karɓa haya. Ƙasar wurin laka ce mai riƙe ruwa, kuma tsohuwar da ke maƙwabtaka da fegina ta riga ta ja min kunne: ba sanyi ke kashe ful ba, zaman ruwa ke ruɓar da shi. Sai na tayar masa da kunya irin tamu ta gida. Ta daɗe tana kallo, daga baya ta tambaye ni ko dankali zan sa.

Ana cikin haka Baba ya kira daga Kura. Na juya masa kyamara. Ya yi shiru, can ya ce, "Kai, lafiyarka kuwa? Mutane na ta kai amfani rumbu, kai yanzu kake shuka? Ina ganyen itatuwan ma?"

Na ce, "Baba, haka suke yi. Yana tsirowa cikin mako uku, ya tsaya ɗan ƙarami duk hunturu yana kafa saiwa a ƙasa, da ɗumi ya shigo sai ya miƙe. Ƙarshen Mayu ko farkon Yuni a fara ci, wanda ya jira bazara kuwa sai ya ƙara kusan wata."

Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa maganar darɓa ce. A nan baƙa ce, tana dafifi a kan toho idan zafi ya fara, amma wanda aka shuka da kaka ya riga ya yi ƙwari kafin ta iso, sai kawai a tsinke kan. Baba ya san ɓarnar darɓa a gyaɗa fiye da kowa. Ya ce, "To ai alkamar Kadawa ce ka je ka samu a can. Ita ma sai sanyi ya sauko muke zuba ta." Wallahi ban taɓa haɗa su a raina ba, shekara nawa ina bin sa gonar alkama. Ya ƙara da cewa binne dai binne ne, ko tsuntsu ya tone ko Allah ya raya.

A nan ɓeraye ne masu tonon. Na shimfiɗa ragar waya a kan kunyar na danne da bulo, na kuma ajiye ƙwaya 12 a tukwane cikin rumfa don cike gurbi.

Uwargida tana ganin wahalar banza ce, tunda gwangwanin ful yana nan a shagon Larabawa da araha. Tana da gaskiya ta wani ɓangaren. Amma na gwangwani busasshe ne aka dafa, irin wanda muka riƙa ci da burodin tamis a Makka. Ɗanyensa kore, wanda aka ɓare yanzu, ban taɓa sa shi a baki ba, kuma shi nake so in ɗanɗana. Ta tuna min cewa ƙaramin namu yana da ƙarancin wani sinadari da ake kira G6PD a jini, likita ya hana shi ful kowane iri. Zan nemi abin da zan shuka masa shi ma, kada rigima ta tashi a watan Yuni.

Takalmin yana bakin ƙofa da lakarsa. Sai gobe.