Wane ɓangare ne yake taɓa ƙasa?

A shekararmu ta ƙarshe a makaranta, malamin da ke koya mana zanen kayan masana'antu ya ba kowa abu ɗaya ya binciko yadda aka fara ƙera shi. Ni allon zamiya ya faɗo mini, katakon nan mai taya huɗu da yaran Amurka ke hawa, wanda suke kira sketbod. Raina bai so ba. Abokaina suna kan injin ban ruwa da keken ɗinki, ni kuwa an haɗa ni da abin wasa.

Na zage na cika shafuka da bayanin katako: kaurinsa, tsawonsa, siffarsa. Malam ya karanta, ya ɗago kai ya ce, "To, wane ɓangare ne yake taɓa ƙasa?" Na yi tsuru-tsuru.

Da na koma kan tayar sai labarin ya fito. A 1959 kamfanin Roller Derby ya fara fitar da allon da yawa zuwa kantuna, da tayar ƙarfe irin ta takalman zamiya. Duk wanda ya hau motar boris yana yaro ya san halin ƙarfe a kan kwalta: ga ƙara, ga jijjiga har cikin haƙora, kuma ba ya riƙe hanya a kwana. Tsakuwa ɗaya tak ta isa ta tsayar da allon cak, mai shi kuwa ya wuce gaba da fuska. A 1963 Larry Stevenson ya fito da Makaha a Kalifoniya, an fefe katakon ya yi kama da allon masu hawan igiyar teku, aka sa masa tayar da ake kira ta yumɓu, wani haɗi mai tauri da ya fi ƙarfe dama-dama amma yake cinyewa da wuri. An yi ciniki sosai. Sai dai karaya da targaɗe suka yawaita, garuruwa suka soma hana hawa a tituna, ƙarshen 1965 kasuwar ta faɗi warwas.

Stevenson ya ɗaga wutsiyar katakon a 1969 don a iya juya shi da ƙafa. Dabara ce mai kyau, har yau ana amfani da ita, amma ba ta tayar da kasuwa ba. Abin da ya tayar da ita shi ne tayar yuretan, wani irin roba, da Frank Nasworthy ya gani a wata masana'anta a Bajiniya, ya kawo wa masu allon a farkon shekarun 1970 da sunan Cadillac. Tana da ɗan laushi, ta kan lotsa ta haye tsakuwa ta kuma kama kwalta. Ni da na taso da imanin cewa abu mafi tauri shi ne mafi inganci, nan na sha mamaki. A 1975 tayar Road Rider ta zo da rufaffen boris, aka huta da ƙwayoyin da ke zubewa suna cin yashi.

Yanzu a shagon da nake aiki muna haɗa kurar ɗaukar kaya. Makon jiya wani dattijo ya dage sai tayar ƙarfe, wai ita ce ba ta mutuwa. Na ce, "Baba, a kan siminti za a tura ta ko a kan tsakuwa?" Ya ce tsakuwa, kuma kiret ɗin ƙwai zai ɗora. Ta roba muka sa masa.