Burodin Saigon da Abin da Ake Cusawa a Cikinsa

A birnin Ho Chi Minh na ƙasar Biyetnam, wanda mazaunansa har yau suka fi kiransa da tsohon sunansa Saigon, abincin da ya fi gamsar da ni na same shi ne a ƙananan gidajen burodi na bakin titi, inda ake gashi a can ciki, ake sayarwa a bakin ƙofa, masu ci kuma na zaune a kan gajerun kujerun roba, babura na wucewa dab da su. Abin da ake zuwa nema shi ne banh mi, ɗan gajeren burodi da ake tsagawa a tsaye a cika shi da nama da kayan lambu, kuma a yawancin irin waɗannan wurare kuɗinsa ba ya wuce kwatankwacin dala ɗaya ko biyu. Arahar tasa ba ta rage masa inganci ba ko kaɗan, domin masu sana'ar sun taƙaita a kan abu guda ne, suna yinsa tun asuba har dare.

Faransawa ne suka kawo burodin bayan sun kama Saigon a shekarar 1859, kuma duk wanda ya san dogon burodin da ake sayarwa da safe a Yamai ko Maraɗi zai gane cewa asalinsu ɗaya. Da farko abincin Turawan mulki ne da masu hali, ana cinsa da bota a kan faranti. Bayan yarjejeniyar Janeba ta 1954, wadda ta raba ƙasar gida biyu, mutane kusan miliyan ɗaya suka yi ƙaura daga arewa zuwa kudu, kuma daga cikinsu ne aka sami iyalin da suka buɗe gidan burodin Hoa Ma a 1958, wanda ake lissafawa cikin na farko da suka fara cusa kayan haɗi a cikin burodin domin ma'aikaci da ɗalibi su riƙe a hannu su wuce. 'Yan gudun hijirar da suka bar ƙasar bayan ƙarewar yaƙin Biyetnam a 1975 su ne suka kai sana'ar Amurka da Ostiraliya da Faransa.

Ni a ganina burodin kansa shi ne ginshiƙin abincin, kuma shi ya sa nake fifita wurin da ke gasa nasa a kan mai saro shi daga wani wuri. Ɓawonsa siriri ne ƙwarai, yana farfashewa da zarar haƙori ya taɓa shi, cikinsa kuwa sakayau ne, ta yadda ba ya danne ɗanɗanon abin da aka zuba masa. Wannan siffa ba ta daɗewa a garin da ke da zafi da laima kamar Saigon, domin cikin 'yan sa'o'i ɓawon yakan yi laushi ya koma kamar roba. Saboda haka ne ake yin gashin kashi-kashi a tsawon yini, mai sayarwa kuma takan sake ɗumama kowane ɗaya kafin ta tsaga shi.

Haɗin cikin yana da tsari. Ana fara shafa mayonis na ƙwai da mai, a jera nama, sannan a ɗora karas da wata farar saiwa da aka yayyanka siri-siri aka jiƙa a ruwan khal da sukari, a ƙara kokwamba da ganyen koriyanda da ɗanyen barkono. Tsamin karas ɗin ne yake yanke maiƙon naman, shi ya sa mutum yake cinye guda bai ji ya gundure shi ba.

Akwai abin da ya wajaba Musulmi ya sani kafin ya miƙa kuɗinsa, musamman 'yan kasuwarmu da cinikin ɗanyen kashu yake kai su can, tunda Biyetnam na cikin manyan masu sayensa daga Afirka ta Yamma. Banh mi na asali cike yake da alade: naman da ake yankawa fale-fale na alade ne, niƙaƙƙiyar hantar da ake shafawa a ciki ma galibi ta alade ce. Ko da mutum ya nemi na kaza ko na soyayyen ƙwai ko na kifin gwangwani, hannun mai sayarwa ya saba shafa hantar nan ba tare da tambaya ba, kuma wuƙa ɗaya ce take aiki a kan komai. Wanda yake son cin nama hankali kwance sai ya nufi kewayen babban masallacin titin Dong Du, wanda Musulmin kudancin Indiya suka gina a 1935, ko titin Nguyen An Ninh da ke gefen kasuwar Ben Thanh, inda gidajen abincin halal suke jere. Hanya ta biyu ita ce shagunan da aka rubuta wa "chay" a allonsu, inda mabiya addinin Buddha suke dafa abincin da babu nama a cikinsa sam, suna cika burodin da awara da naman kaza irin na tsiro.

Wasu gidajen sukan haɗa da pho, taliyar shinkafa a cikin romon ƙashin shanu da aka daɗe ana dafawa da gasasshiyar citta da albasa da kirfa, amma ban cika neman sa a gidan burodi ba, domin masu yinsa shi kaɗai sun fi ƙwarewa. Kofi kuwa ba na barinsa. Biyetnam ce ta biyu a duniya wajen noman kofi bayan Burazil, mafi yawansa nau'in robusta mai ɗaci da ake nomawa a tsaunukan tsakiyar ƙasar, a yankin Dak Lak. Ana ɗora ɗan ƙaramin matacin ƙarfe a bakin kofin gilashi, ruwan yana ɗiga a hankali a kan madarar gwangwani mai kauri da zaƙi, sannan a juya a zuba a kan ƙanƙara. Ɗigar takan ɗauki mintuna da dama, saboda haka nakan nemi kofin tun ina shiga, kafin a tsaga mini burodin, domin kada ɓawon ya huce ina jira.