Gajimare da ciyawa

Tun sassafe muna gonar gero muna maimai. Yau kwana shida ke nan ko yayyafi babu.

Bayan la'asar Inna ta ce in fito da kayan ɗakin Yaya saboda gara ta fara ci. A can ƙasan adaka na tarar da gem ɗinmu naɗe a buhu, wanda Baba ya sayo mana a Sabon Gari, da kaset ɗinsa rawaya mai cewa wasa 9999 ne a ciki, alhali 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa. Na ɗauka sai shagon caji, mai shago ya jona mana a talabijin ɗinsa na sola. Sai da na hure kaset ɗin sau uku kafin ya kawo. Da kiɗan Mario ya tashi, wallahi tsigar jikina ma tashi ta yi.

Abba ya leƙo ya ce, "Baffa, wai wannan ne kuke ba mu labari? Mutumin ko baki ba shi da shi."

Raina ya ɗan sosu. Na ce masa da gangan ne. Tun a wasan Donkey Kong na 1981 Shigeru Miyamoto, wanda ya ƙirƙiri Mario, ya sa masa gashin baki don ɗigon hoton ba su isa a zana baki ba, ya ɗora masa hula don ya huta da zanen gashi. Wannan kuwa, Super Mario Bros., kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da shi a 1985. Matakai 32 ne, a takarda mai gida-gida suka fara zana su da hannu, suka cusa komai cikin kilobait 40, bai kai nauyin hoto ɗaya na wayarsa ba. Aka sayar da kaset fiye da miliyan 40.

Ko sauraro na bai yi ba, ya riga ya karɓe hannun gem ɗin. Dodon nan na farko mai tafiya sululu ya kashe shi sau biyu. A na uku ya tsallake, ya doki bulo da ka, laimar kwaɗi ta fito ta bugi bututu ta dawo kansa, ya girma. Ba wanda ya koya masa. Haka suka tsara matakin farko, shi ke koyar da kai.

Can sai ya ce, "Baffa, gajimaren nan da ciyawar nan ai abu ɗaya ne. Launi kawai aka canza."

Na matsa kusa da gilashin. Haka ne kuwa. Fari a sama, kore a ƙasa, zane guda, don su rage cin wuri a kaset. Shekara nawa muka yi ni da Yaya a gaban abin nan, har Inna na korar mu da muciya, ba wanda ya lura a cikinmu. Har na sa hannu a aljihu zan ciro waya in gaya masa.

Allah ya jiƙanka, Yaya.

Kullum shi ne Mario, ni Luigi. Sai ya faɗa rami sannan layi ya zo kaina, shi kuwa da wuya ya faɗa, sai in yi ta zama da hannu na biyu a cinya. Yau ma ɗansa Abba hannu na farko ya ɗauka, bai tambayi kowa ba. Salatif ɗin da Yaya ya naɗe wayar hannun da shi yana nan, ya yi baƙi.

Tuwon dare na kasa ci sosai. Inna ta tambaya, na ce gajiyar gona ce.

Abba ya ce gobe bayan magariba mu koma, yana so ya ga abin da ke cikin bututun.