Daren da na bar bakin ƙofa na bi ƙato

Ƙannena masu fara zama wasan Dungeons & Dragons, musamman ku da kuke leƙowa zaurenmu nan Badariya kuna kallo kuna tambaya, akwai wani dare da nake so in ba ku labarinshi tun kafin ɗayanku ya yi irin abin da na yi, don wallahi har yau in na tuna sai in ji raina ya ɓaci.

Wanda bai san wasan ba, a Amurka anka fara shi, Gary Gygax da Dave Arneson sunka fito da shi a 1974, kuma ba ya buƙatar kwamfuta ko talabijin. Mutum ɗaya ke jan labari, shi ne duniya shi ne abokan gaba, sauran kowa da gwarzonshi rubuce a takarda, in za ka yi wani abu mai haɗari sai ka jefa dayis mai fuska 20 a ga ko ya yiwu. Ba a sa ko sisi, tatsuniya ce da lissafi, kuma ana kiran sallah muke tashi, na faɗi wannan ne don na san tambayar da za a yi muku a gida. Mu dokokin bugu na biyar na 2014 muke bi, na 2024 sun canza wasu abubuwa, duk lambar da zan kawo ta 2014 ce.

Mu huɗu ne sai mai jan labarinmu, wanda ya girme mu duka, shi ya koyo wasan lokacin da ya je bautar ƙasa a kudu. Taswira a bayan kwalin taliya yake zana ta da rula, kowane gida ƙafa 5, mu murafen kwalbar lemo, abokan gaba kuma ƙwallon dabino. Ni barde ne mai sulke da garkuwa, makin sulkena 18, wato lambar da mai kawo min hari zai kai kafin ya same ni, jinina 28, wato makin raina, in ya kai sifili na faɗi. Abokina mai warkarwa ne, ɗan kawuna mai sanɗa da baka, sai ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, shi mai sihiri ya ɗauka, jininshi 17 kacal makin sulkenshi 12. Wata bakwai yaron nan yana wasa da gwarzon nan duk daren Asabar, ya rubuta mishi tarihi shafi huɗu a littafin makaranta, har zanenshi ya yi da biro. Duk muna mataki na 3.

Labarin ya kai mu wani tsohon birni da ya rushe, mai jan labari ya ce ganuwar Surame ta zamanin Kanta ya ɗauka ya gina nashi a kai, duwatsu jere ga ƙofofi ƙanana. Kuskurena na farko tun kafin faɗan ya faru. Mun riga mun yi ƙananan faɗa biyu a ranar, kuma duk lokacin da anka ɗan taɓa ni, ko maki 4 ne, sai in ce wa abokina ya cika min jini, shi kuma kunya ta hana shi ya ƙi. Mai warkarwa a mataki na 3 guraben sihiri shida gare shi, huɗu na matakin farko biyu na biyu, kuma ba sa dawowa sai an yi dogon hutu na awa 8 a cikin labari. Kafin mu kai ƙofar nan duk sun ƙare, fiye da rabi a jikina. Abokina ya ce mu kwana a waje, na ce haba ai lokaci na tafiya mu dai shiga. Alhali ni barde ina da tawa baiwar da ake kira numfashi na biyu, wadda zan maido da jini 1d10, wato dayis ɗaya mai fuska 10, da ƙarin lambar matakina, kuma gajeren hutu na awa ɗaya ya isa ya dawo min da ita, ban taɓa ma duba ta a takardata ba ranar.

Munka iso wata ƙofa mai faɗin gida ɗaya, mutum ɗaya kawai ke iya tsayawa cikinta. Ciki fili ne, can tsakiya wani ƙato, irin dodon da littafin ke kira oga, da kulki kamar gungumen giginya, ga gobilin shida sun warwatsu bayan duwatsu. Anka jefa dayis na jerin layi, wato wa zai fara wa zai biyo a kowane zagaye, ni na fara, sai gobilin, sai ƙaton, sai ƙanena, sai ɗan kawuna, abokina na ƙarshe. Ku riƙe jerin nan don shi ne duk labarin.

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake, in tsaya cikin ƙofar in toshe ta. A doka gobilin ba ya iya ratsa gidan da abokin gaba irina yake tsaye, kenan ɗaya ko biyu ne za su iya kawo min sara a lokaci guda, na bayana kuma jikina da bango sun kare su daga kibiya. In na ga abin ya yi zafi sai in zaɓi kaucewa maimakon sara, duk mai kawo min hari ya jefa dayis biyu ya ɗauki ƙarami. Shi kanshi ƙaton in zai biyo mu sai ya matse jiki a ƙofar, saranshi ya raunana. Amma ni idona na kan ƙaton, so nake a ce ni na kashe shi, a yi ta maganar a wurin mai shayi. Na tura murfina gida shida, ƙafa 30 cif, na bar ƙofa a buɗe.

Yanzu ku zo mu yi lissafin da ban yi ba a daren. Ƙaton jininshi 59, sara ɗaya yake yi a zagaye, yana ƙara 6 a kan dayis, don ya same ni sai ya jefa 12 ko sama, fuska 9 cikin 20 kenan, in ya samu kuma wajen maki 13 ne. A tsakaice dai maki 6 yake ci min duk zagaye, zan iya jure shi zagaye huɗu ko biyar. Gobilin kuwa kowanne jininshi 7 ne, sara ɗaya mai kyau ya isa, amma su shida hari shida ne, kowanne na ƙara 4, don su sami ƙanena 8 kawai suke nema, fuska 13 cikin 20, kowane hari maki 5 ko 6. In sunka haɗu kanshi wajen maki 21 ne a zagaye ɗaya, shi kuma 17 gare shi. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, tun muna yara muke jin haka, ga shi a kan kwali ƙiri-ƙiri ban gani ba. Babban da ke ba ka tsoro sau da yawa ba shi ne haɗarin ba, ƙirga hannayen da za su ɗagu kafin layi ya dawo kanka, kuma ƙirga a kan wa za su sauka.

Zagayen farko gobilin huɗu sunka wuce ta gefena sunka nufi ƙofa, ko damar saran wucewa ban samu ba don suna da wata baiwa ta zamewa ba tare da sun kashe aikinsu ba, biyu sunka yi harbi, kibiya ɗaya ta ci wa ƙanena 5. Da layi ya zo kanshi ya ce "Yaya, barci zan sa su." Sihirin barci dayis biyar masu fuska 8 ake jefawa, yawanci a sami 22 ko 23, kuma daga mai ƙaramin jini yake farawa, kenan gobilin uku za su zube nan take, rabin matsalarmu ta kau. Yaron ya fi ni gani. Na ɗaga murya na ce mi za ka yi da waɗannan ƙananan, taimaka min mu kada babban. Ya dube ni, ya yi shiru, ya sauya ya harba wa ƙaton kibiyoyin sihiri uku, maki 10 cikin 59, ƙaton ko gezau.

Wannan shi ya fi yi min ciwo a duk abin. A wajen tebur ni yayanshi ne, in na ce ya yi abu yi yake, kuma daidai ne, amma na ɗauko girman nan na shigo da shi cikin wasa na karɓe mishi layinshi. Shi ya zauna ya karanta sihirinshi ɗaya bayan ɗaya a waya, ni ko sunayensu ban riƙe ba. In kuna wasa da ƙannenku ko wanda ke jin nauyinku, ku sani shawararku umarni ce a kunnenshi, ku tambaye shi mi yake gani kafin ku buɗe baki, in ya faɗa ku bar shi ya yi.

Ɗan kawuna ya harbi gobilin ɗaya ya bar shi da jini 2, abokina ya bugi wani daban ya bar shi da 3, ni ina can ina saran ƙato. Mutum huɗu, abokan gaba uku anka taɓa, ko ɗaya bai faɗi ba. A wasan nan mai jini 1 saranshi daidai yake da na mai cikakken jini, rauni ba ya rage mishi komai, don haka ku haɗu kan ɗaya ku gama da shi sannan na gaba. Kamar dara ne, ba yawan motsi ba, abin da ka cire daga gidan abokin karawa shi ke rage mishi ƙarfi.

Zagaye na biyu sunka rufe ƙanena, sara uku sunka shiga, ya faɗi jini sifili. A nan doka ta ce duk layinka za ka jefa dayis mai fuska 20, 10 ko sama ka tsira sau ɗaya, ƙasa da haka ka faɗi sau ɗaya, tsira uku ka kuɓuta daga bakin mutuwa amma kana nan a sume, faɗuwa uku an gama. Ya jefa 6, faɗuwa ɗaya. Ɗan kawuna ya kashe gobilin ɗaya, abokina kuma gobilin biyu sun tare shi a jikin bango, ba sihiri a hannunshi, ba hanyar isa. Wuta ma ta ɗauke a daidai lokacin, munka kunna fitilar caji, kowa ya matso.

Layi ya dawo kaina. A jakata akwai kwalbar maganin warkarwa, dayis biyu masu fuska 4 da ƙarin 2, wadda munka haɗa zinariya 50 munka saya. Ina kuma da ƙarin aiki na barde, wanda ke ba ka aiki biyu a layi ɗaya, ban taɓa shi ba. Kenan zan iya zamewa daga ƙaton da aiki ɗaya ba tare da ya sare ni ba, in koma ƙafa 30, in ɗura wa ƙanena maganin da na biyu, ya farka, faɗuwar da ya yi ta goge. Ko kuma in sare gobilin ɗin da ke kanshi. Mai jan labari har ya taimake ni, ya ce "ka lura fa, ɗaya na tsaye a kanshi ya ɗaga wuƙa." Ni kuma na yi lissafin son rai, na ce ai faɗuwa ɗaya ce, sai ya jefa 1 ne zai mutu don 1 faɗuwa biyu ce, ɗaya cikin 20, ƙaton kuma ya kusa, bari in gama da shi in dawo. Na zuba duka aikin biyu a kan ƙaton, ɗaya ya shiga ɗaya ya kuskure, bai ma faɗi ba.

Ban duba jerin layi ba. Bayana gobilin ne, ba ƙanena ba. Wanda ya suma in anka kawo mishi hari dayis biyu ake jefawa a ɗauki babba, in kuma daga kusa anka same shi, cikin ƙafa 5, faɗuwa biyu ake rubuta mishi a take. Ɗaya da biyu uku. Mai jan labari ya jefa a fili kowa na gani, 17, ya ajiye hannunshi a kan kwali ya ce "ka yi haƙuri ƙanena." Sihirin da ke dawo da wanda ya mutu cikin minti ɗaya sai mai warkarwa ya kai mataki na 5, ga lu'ulu'u na zinariya 300, mu ba mu da ko ɗaya.

Ko bayan haka ban ce mu janye ba, abokina ne ya ce ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, munka koma cikin ƙofar da ya kamata tun farko mu tsaya, na toshe ta, kuma cikin zagaye uku sauran gobilin sunka ƙare ɗaya bayan ɗaya a gabana ɗan kawuna na harbi ta kan kafaɗata. Da sauƙi haka. Ba wanda ya yi murna.

Ƙanena bai yi kuka ba bai yi faɗa ba, ya naɗe takardarshi gida huɗu ya sa a aljihu ya ce zai je ya kwanta. Wani zai ce ai wasa ne, eh wasa ne, amma wata bakwai na tunanin yaro ne, kuma abin da ya gani shi ne yayanshi na da magani a jaka ya zaɓi suna. Asabar uku bai zo ba. A ta huɗu na same shi bayan la'asar yana wanke mashin ɗin Baba a ƙofar gida, na ce mishi laifina ne daga farko har ƙarshe, barcin da ya so ya sa su shi ne daidai, ni na hana shi. Ya ce "Yaya ya wuce," amma sai da anka ƙara sati biyu kafin ya sake zama da mu.

Yanzu jerin layi a babban kwali muke rubuta shi da maka mu jingine a bango, kuma kafin kowa ya taɓa dayis sai ya faɗi da baki wa ke biye da shi da wa ke ƙasa. Kwalbar magani ba ta zama a jaka ɗaya, kowa da tashi, in kuɗi bai isa ba mai ƙaramin jini da wanda ke kusa da shi ake fara ba. Mai warkarwa ba ya taɓa gurbinshi na ƙarshe sai wani ya faɗi, shi ma ya koma riƙe kalmar warkarwa wadda ke kaiwa ƙafa 60 ba sai ya je kusa ba. In munka ga ƙofa ko gada ko wani lungu, nan nake tsayawa, wani lokaci zagaye biyu ban kai sara ko ɗaya ba kaucewa kawai nake yi.

Ƙanena mai warkarwa ya ɗauka a sabon gwarzonshi, yanzu shi ke tsara mana yadda za mu shiga faɗa kuma ni nake tambayarshi. Tsohuwar takardar nan mai ninki huɗu tana cikin littafinshi na lissafi, kwanan baya na gan ta da zan ɗauki biro a jakarshi.